Jaririn da sai ya yi kuka yake samun numfashi

Da zarar jariri ya fara numfashi da ƙyar, maganar da ake ji a ɗakin maijego ita ce mura ce, ko kuma beli ne. Tun kafin suna an aika a kira wanzami. A Damagaram, daga Birni har Zango, balle ƙauyukan Mirya da Magarya, haka ake yi, kuma sakacin nan ya yi yawa.

Sabon haihuwa da hanci yake numfashi, ba ya jan iska ta baki sai in yana kuka. Akwai kuwa waɗanda ake haifa ƙashi ko tantani ya toshe musu hanci can ciki, inda ya haɗu da maƙogwaro. Likitoci na ƙiyasta ɗaya cikin haihuwa 5,000 zuwa 8,000. In kafofin biyu ne suka toshe, alamar ba ta ɓuya: ya kama nono ya saki, ƙirji na lotsawa, leɓe da harshe su yi duhu. Ya tsala kuka, sai launinsa ya dawo. Ya yi shiru, abin ya sake tasowa.

To ina ruwan beli a nan? Yaron da baki kaɗai ya rage masa, a nan za a sa aska jini ya cika wurin? Wata ta ɗiga man kaɗe a hanci, wata ta turara hayaƙi, wata ta ɗura jiƙo, duk da sunan taimako. Mai ba ya narkar da ƙashi, ɗuren kuma huhu yake iya wucewa.

Gwajin gano toshewar ba wuya. A kara ɗan zaren auduga a kowace kafar hanci, a ga ko yana motsi. A gidan likita siririyar roba ake zurawa. In ta ƙi wucewa, sai a sa masa abin da zai riƙe bakin a buɗe, a tura shi Babban Asibitin Damagaram. Maganin tiyata ce, bayan an ɗauki hoto. A nemi a duba zuciya da ido da kunne, don larurar kan zo tare da wasu. Mai toshewar kafa ɗaya kuwa yakan girma da majina ta gefe guda, ana ta ɗora wa ƙurar hunturu laifi.

Kakanni, ku ake saurara a ɗakin jego. In kun ga haka, ku ce a tafi likita a ranar, ko da tsakar dare ne.