Zaɓen Manhajar Ɗaukar Wasan Kwamfuta Da Gyara Shi

Malamai da akawuna da yawa suna da yara a gida masu sha'awar wasan kwamfuta, waɗanda ke so su ɗauki hoton wasansu su sa a YouTube don jama'a su gani. Sau da yawa yaro ya kan zo ya ce a ba shi kuɗin sayen manhaja, uba kuwa bai san abin da zai amsa ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi ɗan bayani, don kada a yi hasarar kuɗi a banza.

Da farko sai a sani aikin nan kashi biyu ne. Akwai ɗauka, watau kama abin da ke gudana a fuskar kwamfuta sa'ad da a ke wasa. Akwai kuma gyara, watau yanke inda ba shi da amfani, da haɗa guntaye, da sa murya. Kowanne da irin manhajarsa.

Wajen ɗauka, babbar wahala ita ce kwamfuta tana aiki biyu a lokaci guda. In manhaja ta cika nauyi, sai wasan ya riƙa tsinkewa. A dā Fraps aka fi sani, wadda ta fito a 1999, amma ba ta matse hoto sosai, cikin 'yan mintoci ta kan cinye gigabayit da yawa, tun 2013 kuwa ba a sabunta ta ba. A 2013 ɗin ne kamfanin Nvidia ya fito da ShadowPlay, wadda ke ɗora aikin matsewa a kan katin hoto, watau ɓangaren da ke zana wasan, har nauyin ya ragu ƙwarai. Mai Windows 10 ko 11 kuma yana da Game Bar a cikin na'urarsa, ba sai ya saya ba.

Amma wadda mu ke ganin ta fi dacewa da yawancin mutane ita ce OBS, wadda aka fara a 2012. Kyauta ce, ba ta buga tambari a kan hoto, ba ta kuma ƙayyade minti. Tana iya ajiye muryar mai wasa dabam da ƙarar wasan, abin da ke sauƙaƙa gyara daga baya.

Ga wani gargaɗi da mu ke roƙon a riƙe. In ana ɗauka da tsarin MP4 irin na dā, wuta ta ɗauke kafin a tsayar, dukan abin da aka ɗauka na iya lalacewa, ko da na awa biyu ne. Tsarin MKV kuwa ya kan tsira har zuwa inda aka tsaya, OBS kuma na iya mai da shi MP4 daga baya. Mu da muka san halin wutar lantarki a garuruwanmu, lalle rigakafi ya fi magani. A kuma lura da wurin ajiya: ɗaukar awa guda a kan megabit 10 kowace daƙiƙa ta kan ci gigabayit huɗu da rabi.

Wajen gyara, Windows Movie Maker da wasu suka saba da ita an janye ta a 2017. Adobe Premiere Pro ta gwanaye ce, amma haya a ke biya ba yankewa. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da kashi na kyauta mai kyau ƙwarai, sai dai masu ita sun ce tana bukatar RAM gigabayit 16. Mai ƙaramar kwamfuta gara ya nemi Shotcut ko Kdenlive, su ma kyauta ne, ba su kuwa kai ta nauyi ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Muna kuma jan kunnen yara game da manhajar sata da a ke rabawa a intanet. Sau da yawa da ƙwayar cuta a cikinta, mai iya ɓata takardun ofis da sakamakon jarrabawa da uba ya ajiye a na'urar.

Shawararmu ita ce, kafin a fid da ko kwabo, a sa yaro ya gwada ɗaukar minti biyar da OBS, ya gyara da Shotcut, a zauna a duba tare. In hoto bai tsinke ba, murya ta fita sarai, to, bukata ta biya. In kuwa ya tsinke, a rage girman hoton a sake gwadawa, gama sau da yawa ƙarfin na'ura ne ya gaza, sayen manhaja mai tsada kuwa ba zai ƙara mata ƙarfi ba.