Ranar da Ruwa Ya Hana Shiga Ruwa

Da asubahin Talata, 30 ga Yuli, 2024, saura 'yan sa'o'i a fara, aka sanar da ɗage gasar tirayatilon ta maza a wasannin Olamfik na birnin Faris. Abin mamaki, da safiyar nan ko ɗigo bai sauka ba, gari ma zafi yake yi. Ruwan da ya jawo ɗagewar tun Juma'a da Asabar aka yi shi, shi ne wanda ya jiƙe jama'a sharkaf a bikin buɗe wasannin ranar 26 ga wata. Ya ɗauke, tituna sun bushe, amma ɓarnarsa tana nan kwance a cikin kogin Sen, inda 'yan wasan za su yi iyo.

Tirayatilon tsere ne guda ɗaya mai zango uku a jere, ba hutu: iyo, tuƙin keke, sannan gudu. A Olamfik ana iyon mita 1,500, a tuƙa kilomita 40, a yi gudun kilomita 10, kuma agogo ba ya tsayawa ko lokacin da mutum yake sauya takalmi. An fara shi a sigarsa ta yanzu a San Diyego ta Amurka a 1974, ya shiga Olamfik a Sidni a 2000. Akwai kuma dogonsa, Ironman, wanda aka soma a Hawai a 1978 da mutum 15: iyon kusan kilomita 4, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. Duk a fili ake yi, ba rufi. Saboda haka idan gari ya ɓaci, sau uku yake taɓa ɗan wasa, kowane zango da irin tasa wahalar, kuma abin da ya kwaso a zangon farko da shi zai shiga na biyu.

Matsalar Faris tsohuwa ce. Magudanan birnin, waɗanda aka gina yawancinsu tun ƙarni na 19, hanya ɗaya suke bi da ruwan sama da ƙazantar gidaje. A ranar da ba ruwa, duk ana kai su wurin tacewa. Idan aka sheƙa mai yawa sai magudana ta cika, kuma maimakon ta yi ambaliya cikin unguwanni, sai a saki rarar cikin kogi. A 1923 aka hana wanka a Sen, kuma haramcin yana nan har lokacin wasannin. Domin wasannin nan hukumomi sun kashe wajen Yuro biliyan 1.4 a kan gyara, har da wani ƙaton rumbun ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin Ostalis mai cin ruwa mita kubik 50,000. Magajiyar garin a lokacin, Anne Hidalgo, da kanta ta faɗa kogin ranar 17 ga Yuli don mutane su gani. Kwana tara bayan haka hadari ya zo ya nuna rumbun ma yana da iyaka. Ƙwayar E. coli, wadda ake aunawa a gane ko bayan gida ya gauraya da ruwa, ta haura ƙa'ida. Ga kuma wani cikas: sai an bar ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji kafin a ƙirga ta, abin da ke cin kusan kwana guda. Wato alƙalai da sakamakon ruwan jiya suke yanke hukuncin yau.

Washegari, Laraba, aka ce ruwa ya yi daidai, aka haɗa mata da maza rana ɗaya. Mata suka fara da ƙarfe takwas daga gadar Alekzanda na Uku, bayan an sake yin ruwa da sassafe. Kogin ya ƙara gudu, don haka iyo ya zama kokawa wajen dawowa. Amma a kan keke ne aka ga abin tausayi. Wani ɓangare na hanyar daɓen duwatsu ne irin na tsofaffin titunan Turai, waɗanda tayoyi suka goge shekara da shekaru har suka yi sulɓi. Da suka jiƙe sai suka koma kamar an zuba musu karkashi. 'Yan wasa suka riƙa zubewa a kwana, ɗaya ta faɗi ta kwashe ta bayanta. Lotte Miller ta Norwe sau biyu tana faɗuwa, a ƙarshe ta haƙura da tseren.

Duk wanda ya taɓa hawa babur bayan yayyafin farko ya san dalili. Man inji da ƙura da suka taru a kan kwalta su ne ruwa ke tasowa da su, kuma tayar keken tsere faɗinta bai wuce babban yatsa ba. Farin fentin titi, murfin ƙarfe na magudana da jiƙaƙƙen ganye duk tarko ne. Gwanaye sukan rage wa taya iska kaɗan domin ta ƙara kama ƙasa. Birki kuma tun keke yana miƙe ake taka shi, a shiga kwana an riga an rage gudu, domin wanda ya matse birki a tsakiyar kwana ƙasa ce za ta karɓe shi. Tsohon birki mai matse bakin gare ba ya kamawa nan take idan ya jiƙe, sai taya ta juya ya share ruwan tukuna. Wannan yana cikin abin da ya sa birkin faifai ya karɓu. Faci ma ya fi yawa a jiƙaƙƙen titi, saboda ruwa yana kwaso tsakuwa da fasasshen gilashi, ya manna su a taya, ya kuma sauƙaƙa musu huda roba. A Tokiyo, ranar 27 ga Yuli, 2021, an jinkirta tseren mata da minti 15 saboda guguwar Nepartak, kuma Georgia Taylor-Brown ta Birtaniya ta yi faci dab da ƙarshen zangon keke. A haka ta lallaɓa, ta rama da gudu, ta zo ta biyu a bayan Flora Duffy, wadda ta ciyo wa tsibirin Bamuda zinarensa na farko a tarihin Olamfik. A Faris kuwa Cassandre Beaugrand ce ta ci a gaban 'yan ƙasarta, kuma rabin aikin nata shi ne ta kai ƙarshen kilomita 40 ba ta taɓa ƙasa ba.

Sanyi ba ya bayyana a talabijin kamar faɗuwa, amma ya fi ta haɗari. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Mutum ya faɗa ruwa mai sanyi, abin da zai fara samunsa shi ne jan numfashi ba da niyya ba, zuciya ta hau bugu. Idan igiyar ruwa ta mare shi a daidai wannan lokaci, ruwa zai shaƙa. Shi ya sa dokar hukumar wasan ta duniya ta wajabta rigar roba mai riƙe ɗumi idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 16, ta kuma haramta wa ƙwararru ita a iyon mita 1,500 daga digiri 20 zuwa sama, don kada ta dafa su. Fitowa daga ruwa ba ita ce tsira ba. Jinin da ya yi sanyi a hannu da ƙafa yana komawa ciki, zafin jiki ya ci gaba da sauka, ga mutum a jiƙe zai hau keke iska tana dukansa a gudun kilomita 40 a sa'a. Za ka ga ƙato yana fama da maɓallin hular kwano, yatsu sun ƙage sun ƙi lanƙwasuwa. Da waɗannan yatsun ne zai kama birki a gangara. Minti ɗaya da zai ɓata ya goge jiki ya ɗora riga, a ganina, shi ne minti mafi riba a tseren.

Iska da tsawa ba su da dogon bayani. Garen keke mai faɗi yana yanka iska idan daga gaba take, amma idan ta bugo daga gefe sai ya zama faifan da take ture mutum da shi, dalilin da ya sa aka hana rufaffen gare a gasar Ironman ta Kona a Hawai. Tsawa kuwa ba a ciniki da ita. Ka'idar da aka saba bi a wasannin fili ita ce a fita daga ruwa, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Rana ma mugun yanayi ce a wannan wasa. A Kozumel ta Meziko, a Satumban 2016, Jonny Brownlee yana kan gaba, saura 'yan ɗaruruwan mita, zafi da gumi suka ci ƙarfinsa, ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu. Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce shi. Yayansa Alistair ya iso, ya rataya hannun ƙanen a wuyansa, ya ja shi har layi ya tura shi ciki. Duniya ta yaba, hoton ya zaga ko'ina. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da jikinsa ya kai wannan hali likita yake buƙata da ruwan ƙanƙara, ba ƙarin mita ɗari ba. Daga baya hukumar ta gyara doka, ta hana ɗan wasa ya taimaka wa wani ya ci gaba da tafiya.

Nauyin duk wannan a wuyan alƙalai yake ƙarewa. Suna iya jinkirta tashi, su rage tsawon iyo, ko su soke shi gaba ɗaya a maye gurbinsa da gudu, kamar yadda aka tanada a Faris in da kogin ya ƙi gyaruwa. A gwajin Tokiyo na 2019 sun rage gudun mata zuwa kilomita 5 saboda zafi. Hukuncin ba daɗi gare shi ba. A manyan gasannin gama-gari akwai mutum dubbai da suka biya kuɗin shiga, suka sayi tikitin jirgi, suka kwashe watanni suna atisaye, kuma ba mai son a ce masa ya koma gida. A garin Youghal na ƙasar Ailan, a 2019, an soke iyo saboda ruwa da sanyi, aka tashi daga keke, Alistair ɗin nan ya lashe tseren. A wannan gari dai, ranar 20 ga Agusta, 2023, kwana ɗaya bayan an ɗage wani tseren saboda guguwar Betty, aka rage tsawon iyo amma aka bari aka shiga teku tana tumbatsa. Mutum biyu suka rasu a zangon iyo. Masu shirya gasar da hukumar wasan ta ƙasar suka shiga jayayya a bainar jama'a kan ko an janye izinin gasar kafin a fara ko bayan an riga an shiga ruwa.