Wa Zai Gaji Mai Horar da 'Yan Baya?

A kowace shekara, da zarar damina ta ja baya, an fara saran rake a fadamun Maƙarfi da Kudan, filayen makarantu kuma sun bushe har ƙura ta soma tashi, sai hankalin samari ya koma kan tamaula, a shiga shirya gasa tsakanin unguwa da unguwa, da tsakanin makarantun Ikara da na Hunkuyi. A daidai wannan lokaci ne galibi shugaban makaranta yake farga cewa wanda ya horar masa da 'yan baya bara ba ya nan. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne, wanda wa'adinsa shekara guda ce tak, ko malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko wani tsohon ɗan wasa na gari da neman abinci ya kai shi Kaduna. Mas'alar wanda zai gaje shi akan yanke ta a tsaye, a bakin fili, alhali kuwa ita ce take hukunta ko ƙungiya za ta kai wasan ƙarshe ko za a sallamo ta tun zagayen farko.

Mutanen Amurka sun ɗauki wannan al'amari da girma har ya kai ga abin al'ajabi. Suna da wata irin ƙwallo tasu mai kama da zari-ruga, wadda jami'o'i suka fara karawa a cikinta tun 1869, lokacin da Rutgers ta haɗu da Princeton. Kuma tun daga 1965, da aka sake halatta canza 'yan wasa ba iyaka, kowace ƙungiya ta rabu gida biyu, mutum 11 masu kai hari, wasu 11 dabam masu tsaro, kowane ɓangare da malaminsa a ƙarƙashin babban koci. Shi malamin tsaro shi yake tsara yadda za a tsaya, shi yake nazarin abokan karawa, shi kuma yake ba da umarni kafin kowane tashi. Darajarsa ta kai a 2018 jami'ar jihar Luwiziyana ta ƙulla yarjejeniya da Dave Aranda kan dala miliyan 2.5 a shekara, mutumin da na'ibi ne kawai, ba shi ne shugaban ƙungiya ba.

Abin da ya fi dacewa da mu a cikin labarinsu shi ne yadda jami'ar Alabama ta yi a ƙarshen 2015. Kirby Smart, wanda ya riƙe mata tsaro tun 2008, ya samu babbar kujera a jami'ar Jojiya. Babban koci Nick Saban, da yake yana da kuɗin da zai ɗauko duk wanda ya ga dama, sai ya aika aka kira Jeremy Pruitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashinsa kafin ya fita, ya san nizamin gidan, ya san kalmomin da yara suka saba ji. Ba a sake wa ɗalibai darasi daga farko ba. A watan Janairu na 2018 Alabama ta ci kofin ƙasa, kuma wadda ta kayar a wasan ƙarshe, da maki 26 da 23, ita ce Jojiyar da Smart ya koma.

A ƙwallon ƙafa irin tamu babu wannan rabuwa, domin mutum 11 ɗin nan su ne masu hari, su ne masu tsaro. Amma duk ƙungiyar da ta san abin da take yi tana ware mutum guda ya kula da 'yan baya da mai tsaron gida. Dalili kuwa shi ne, cin ƙwallo yakan zo daga baiwar yaro ɗaya, tsaro kuwa ba ya tabbata sai da ittifaƙin mutum huɗu ko biyar. Dokar satar gida ita ce asalin wannan ilmi. A 1925 aka sauya ta, aka mai da adadin abokan hamayyar da ake buƙata tsakanin ɗan gaba da layin gida daga uku zuwa biyu, ƙwallaye suka yi ta shiga raga, har Herbert Chapman na Arsenal ya janyo ɗan tsakiyarsa baya ya tsaya tsakanin masu tsaro biyu, wanda shi ne mafarin abin da yaranmu suke kira lamba biyar. Tun daga nan tsaro ya zama sha'anin layi: su tashi tare, su koma tare, idan ɗaya ya fita tarar mai ƙwallo wani ya rufe gurbinsa, yaro guda ya makara da taku biyu, tarkon satar gida ya warware, ɗan gaba ya tafi daga shi sai gola. Malaman usulu suna gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo amfani, kuma ban san wani fage na wasa da wannan ƙa'ida ta fi bayyana a cikinsa ba.

To, a nan ne kuskuren zaɓe yake aukuwa. Abin da aka fi yi shi ne a nemo wanda sunansa ya fi tashi lokacin da yake taka leda, a ɗauka cewa ƙafar da ta iya, bakinta ma zai iya. Wani lokaci a dace. Stephen Keshi ɗan baya ne, ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013, da Efe Ambrose ɗan Kaduna a cikin masu tsaronsa. Sai dai Keshi ya shafe shekaru yana koyon horarwa, ya riƙe Togo, ya riƙe Mali, kafin a damƙa masa Super Eagles. Wanda gwanintarsa ta halitta ce sau da yawa bai san yadda yake yin abin da yake yi ba, saboda haka idan yaro ya kasa sai ya yi ta tsawa, tsawa kuwa ba bayani ba ce. Ɗaya kuskuren ya fi wannan muni, wato a ba ƙanin wanda ya sayi riguna da ƙwallaye aikin, don kada a ɓata masa rai.

A zaurukan ilmi na Zariya, idan baƙon malami ya zo zai zauna ya karantar, akan tambaye shi wa ya karantar da shi, kuma ina ɗalibansa. Tambayoyin nan biyu sun wadatar a filin ƙwallo. Ta farko tana nuna mazhabarsa a tsaro: ko mai cewa kowa ya riƙe mutuminsa ne duk inda ya shiga, ko mai cewa kowa ya tsare yankinsa. Dukansu hanyoyi ne ingantattu, amma yaran da suka shekara biyu a kan ɗaya, idan aka juya su zuwa ɗayar ana saura mako uku gasa, za a same su ranar wasa suna kallon juna a bugun kusurwa, ƙwallo na wucewa ta tsakaninsu. Ta biyu kuwa tana da sauƙin bincike a ƙasar da kowa ya san kowa. Daga Maƙarfi zuwa Kudan ba nisa, ana iya zuwa a ga yaran da ya horar, a tambayi iyayensu halinsa, domin amanar 'ya'yan mutane za a ba shi, zai yi tafiya da su a mota zuwa wani gari, zai kuma san wanda ya ƙara wa kansa ko ya rage shekaru. Takardar shaida, irin wadda Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas take bayarwa, ko ta hukumar ƙwallon Afirka, ƙari ce mai kyau ga babbar makaranta kamar kwalejin kiwon lafiya da ke Maƙarfi, amma sanya ta sharaɗi a sakandaren ƙauye daidai yake da cewa a zauna ba koci.

Akwai kuma sanin ƙasa, wanda baƙo ba ya zuwa da shi. Filin rani a nan busasshe ne, ƙwallo tana tsalle fiye da kima, zamiya a ƙasa tana saɓule fata, iskar hunturu kuma tana karkatar da doguwar ƙwallo. Wanda ya koyi tsaro daga kallon gasar Ingila a gidan kallo, inda ciyawa take shimfiɗe ana yi mata ban ruwa kafin wasa, zai koya wa yara abin da zai kai su shagon magani.

A ra'ayina, makaranta ta fara duba cikin gida, ga wanda yake ɗaukar wa tsohon koci ƙwallaye yana jin abin da yake faɗa, kafin ta leƙa waje. In an sami mutum biyu ko uku, a ba kowa mako guda ya yi atisaye da yara, malamin wasanni yana gefe yana lura da wanda yake tsayar da wasa ya gyara tsayuwar yaro da hannunsa, da wanda yake busa usur kawai. A faɗa masa ɗan abin da za a riƙa ba shi tun farko, a gaban shaida. A kuma yi wannan duka a cikin dogon hutu, kafin a koma makaranta a watan Satumba, tare da wajabta wa duk mai barin aiki ya bar littafi rubutacce, mai sunayen yara da gurbin kowa da alamomin da suke amfani da su a bugun tazara.