Muryar da Ta Rayu Bayan Mai Ita: Faya-fayan Elmore James da Aka Fitar Bayan Rasuwarsa

Gabatarwa

Elmore James makaɗi ne kuma mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka. An haife shi a jihar Misisipi a 1918, ya rasu a birnin Shikago ranar 24 ga Mayu, 1963, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45. Ya yi fice a buluz, wato kiɗan da ya tsiro a tsakanin baƙaƙen fata na kudancin Amurka. Wani kaso mai tsoka na ayyukansa bai isa kunnen jama'a ba sai bayan ƙasa ta rufe idonsa. Wannan maƙala ta dubi yadda ya dace a saurari irin waɗannan faya-fayai, a kuma auna su.

Salon Kiɗansa

A wannan salo, makaɗi kan zura yatsa a wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe, ya riƙa zamar da shi a kan tsarkiyar jita maimakon ya danna ta. Ta haka sauti ke sulalewa daga wannan amo zuwa wancan ba yankewa, kamar muryar mai kuka. James ya haɗa wannan dabara da jita mai lantarki, sai amon ya yi kauri da kaifi. Waƙarsa "Dust My Broom", wadda kamfanin Trumpet ya naɗa a 1951, ita ta kafa zubin da aka san shi da shi.

Abin da Ya Fito Daga Baya

A 1965 aka fitar da "It Hurts Me Too" daga cikin abin da Bobby Robinson ya naɗa masa a ƙarshen rayuwarsa, ta kuma samu karɓuwa a kasuwa shekara biyu bayan rasuwarsa. A shekarar ce kuma kundin "The Sky Is Crying" ya fito ɗauke da "One Way Out", wadda daga baya ƙungiyar Allman Brothers Band ta ƙara yayatawa. A 1969 kamfanin Chess ya fitar da "Whose Muddy Shoes", inda ya gwama waƙoƙinsa da na John Brim a kundi ɗaya. Ta irin waɗannan faya-fayai matasan makaɗa da yawa, a Amurka da Ingila, suka san shi.

Yadda Za a Auna Su

Abu na farko shi ne rarrabe ranar naɗi da ranar fitarwa. James ya fara naɗar "It Hurts Me Too" a 1957, kuma Tampa Red ya riga shi tun a 1940. Wanda ya dogara da shekarar 1965 kaɗai zai ɗauka sabuwar waƙa ce, alhali makaɗi ne ya koma kan tsohon aiki bayan hannunsa ya ƙara nuna.

Na biyu, zaɓi da jerantawa ba nasa ba ne. Kamfani ne ya yanke shawarar waƙar da za ta shiga da wadda za ta buɗe kundi. Wannan ya shafi zargin da ake yi masa na yawan maimaita zubin "Dust My Broom". Waƙoƙin da aka naɗa wa kamfanoni daban-daban a shekaru mabambanta, idan aka jera su wuri guda, dole kamanninsu ya fi fitowa fili. Alhakin wannan maimaici, ke nan, bai rataya a wuyan makaɗin shi kaɗai ba.

Na uku, naɗin da aka taɓa ajiyewa gefe yana da tasa daraja. A cikinsa ake jin yadda makaɗi ke gwada murya, da yadda jita ke amsa mata kamar 'yan amshi.

Kammalawa

Faifan da ya fito bayan mutuwa shaida ce mai hannu biyu, na makaɗi da na wanda ya tattara. Manazarcin da ya kasa rarrabe su zai iya yabon James ko kushe shi a kan hukuncin da aka yanke ba ya raye. Adalci gare shi shi ne a fara tambayar yaushe aka naɗa, wa ya zaɓa, kafin a ce ga abin da ya nufa.