Abin da ya kamata ku sani game da rubutun ƙasan allo

Masu kallon finafinan Kannywood sun saba da rubutun Turancin nan da ke fitowa a ƙasan allo. Wannan fassara ce, an yi ta ne don mai jin kunne wanda bai iya Hausa ba. Rubutun da ake yi wa masu larurar ji daban ne. Shi ana rubuta maganar ne da harshen da aka faɗe ta, a nuna wa ke magana ko da ba a ganinsa, sannan a rubuta duk sautin da labarin ya dogara a kai: an yi sallama, waya na ƙara, an kira salla, jariri na kuka. In babu wannan, mai kallo zai ga mace ta zabura ta nufi ƙofa, bai san abin da ya tashe ta ba.

Rubutun masu larurar ji iri biyu ne. Akwai wanda aka manna a jikin hoton, kowa na ganinsa, akwai kuma wanda mai kallo ke kunnawa da kansa, mai alamar CC a YouTube. A Amurka an fara na farkon a 1972 a shirin girke-girke na Julia Child, na biyun kuma a 1980. Da farko sai an sayi akwati na daban kafin a ga na biyun, har aka yi doka a 1990 da ta tilasta wa masu ƙera talabijin su sanya na'urar a ciki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai tsanani. Mutane kan ɗauka tafintan maganar hannu ya wadatar da su duka. Bai wadatar ba. Dattijon da tsufa ya taɓa wa kunne, ko magidancin da sanƙarau ya kurmantar da shi da girmansa, ba su taɓa koyon maganar hannu ba, amma da yawansu suna karanta Hausa sarai. Shi kuwa wanda aka haifa kurma kuma bai samu makaranta ba, tafinta ne zai amfane shi. Ana buƙatar duka biyun.

Abin da ke damuna shi ne yadda wa'azi, labarai da sanarwar rigakafi ke yawo a wayoyinmu ba layi ɗaya na rubutun Hausa. Aikin bai fi ƙarfin mai tace bidiyo ba: layi biyu kacal a lokaci guda, ya fito daidai da maganar, ya daɗe yadda za a iya karantawa. In kuma manhaja ce ta rubuta, sai mutum ya bi ya gyara, domin takan yi kuskure a sunaye da wurin da hayaniya ta yi yawa.