Me ke sa kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta? Yadda ake gano tushen matsalar a gari irin Gadarif

A Gadarif da ke gabashin Sudan, inda Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin da mahajjata ke bin hanyar ƙasa zuwa Makka, kwamfutar tafi-da-gidanka babban jari ce. Ɗalibin Jami'ar Gadarif a cikinta yake ajiye bincikensa, dillalin riɗi da dawa a cikinta yake lissafi. Wasu daga cikin waɗanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya koro daga Khartoum, Wad Madani da Sinja kuwa, hotunan takardunsu ne a ciki. Idan na'urar ta fara daskarewa ko kashe kanta, sayen wata ba abu ne mai sauƙi ba.

Abin da aka fi yi shi ne a goge komai a sake ɗora Windows. Sau da yawa bayan kwana biyu matsalar ta dawo, bayanai kuma sun tafi, domin ba a gano inda ciwon yake ba.

Kafin a taɓa komai

Matakin farko shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa filashi ko wata ma'adana ta waje. Na biyu shi ne lura da lokacin da take mutuwa: da rana tsaka ne, ko lokacin da aka koma janareto, ko idan an motsa ta, ko idan an buɗe wata manhaja? Amsar wannan tambaya kaɗai na rage rabin aiki.

Windows na ajiye tarihin abin da ya faru. Idan aka danna maɓallin Windows tare da R aka rubuta perfmon /rel, za ta nuna ranakun da ta faɗi da manhajar da ke da hannu. Idan kuma shuɗin allo ya bayyana, a ɗauki hotonsa da waya, domin sunan kuskuren da ke rubuce a jikinsa shi ne jagora.

Zafi da ƙura

A Gadarif zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, iskar rani kuma na ɗauke da ƙura. Ƙurar kan taru a fanka da ramukan fitar iska har ta zama kamar auduga. Yawancin kwakwalen sarrafawa na Intel da AMD suna rage gudu idan zafinsu ya kusa digiri 100, idan ya ci gaba da hawa sai na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce ƙarar fanka, zafin gindin kwamfutar, da mutuwa farat ɗaya ba tare da wani saƙo ba.

Manhajar HWMonitor ta kyauta na nuna zafin. Maganin shi ne a daina ɗora na'urar kan katifa ko darduma, a hure ƙurar tare da riƙe fankar kada ta juya, sannan mai gyara ya sabunta man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta, wanda kan bushe bayan 'yan shekaru. Wannan ya shafi mazauna Maradi, Damagaram da Njamena kamar yadda ya shafi na Gadarif.

Wuta, caja da batir

Lantarkin yankin ya ƙara taɓarɓarewa da yaƙi. A watan Janairun 2025 an kai hari da jirgi marar matuƙi kan tashar wuta ta Shawak a jihar Gadarif, lamarin da ya jefa yankunan gabashin ƙasar cikin duhu. Jama'a da dama sun dogara da janareto da sola, waɗanda ƙarfin wutarsu ke hawa da sauka.

Gwajin a nan mai sauƙi ne. A cire caja a yi aiki da batir kawai. Idan mutuwar ta tsaya, laifin na caja ne ko na wutar. Idan kuma da an cire caja take mutuwa, batirin ya gaji, kuma umarnin powercfg /batteryreport zai nuna ƙarfin da ya rage masa. A duba rubutun jikin caja: HP da Dell da yawa na amfani da volt 19.5, Lenovo kuma 20, sannan cajar da ƙarfinta bai kai na asali ba kan gaza idan aiki ya yi nauyi. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai yana iya kamawa da wuta, don haka a daina caza shi nan take.

RAM da ma'adanar bayanai

Idan shuɗin allo na zuwa da sunaye daban-daban, musamman MEMORY_MANAGEMENT, ana zargin RAM. Ana gwada ta da mdsched, wanda ke cikin Windows, ko MemTest86. In guda biyu ne a ciki, a cire ɗaya a gwada, sannan a musanya. Wani lokaci cirewa da mayarwa da kyau kawai ke gyara ta, musamman bayan doguwar tafiya a mota.

Ma'adanar da ta fara lalacewa kan sa na'ura ta daskare na tsawon lokaci ko ta riƙa ƙara ƙas-ƙas. CrystalDiskInfo na nuna lafiyarta. Idan ya nuna ruwan ɗorawa ko ja, a kwashe bayanai a ranar, a sauya ta da SSD.

Idan laifin manhaja ne

Manhaja ɗaya na iya kayar da kwamfuta. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar kamfanin CrowdStrike mai kuskure ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 a duniya, a ƙiyasin Microsoft. Don bambance laifin manhaja da na kayan ciki, a tayar da kwamfutar da Ubuntu daga filashi ba tare da ɗora shi ba. Idan ta yi sa'o'i lafiya, matsalar tana Windows: a cire manhajar da aka saka kwanan nan, musamman ta sata, a sabunta direban hoto, a gudanar da sfc /scannow. Masu Windows 10 su san cewa Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025.

Idan ta mutu a Ubuntu ma, kuma zafi, caja, RAM da ma'adana duk sun tsallake gwaji, saura babban allon ciki, wanda aikin ƙwararre ne. Mai zuwa wurinsa ya tafi da hoton shuɗin allon da jerin gwajin da ya yi, ya kuma gindaya sharaɗi tun farko cewa kada a goge komai sai da izininsa.