Ranar da Aka Juya wa Jean Rouch Kyamara

Duk yaron da ya tashi a Nima ko Maamobi, a Accra, ya san 'yan kaya-kaya tun bai san daga "kaya" na Hausa sunan ya fito ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, 'yan kaya-kayan Accra na 1954, da masu kora shanu, da masu yasar kwata, suna nan a fim har gobe, suna kaiwa da komowa da zufa a goshi. Wanda ya ɗauke su Bafaranshe ne, Jean Rouch. A 1941 ya sauka Nijar yana injiniyan hanya da gada, sai harkar fim ta ja shi. A watan Fabrairun 2004 ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Konni, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai.

A 1995 wani malamin jami'a ɗan Mali, Manthia Diawara, ya yi fim a kansa mai suna Rouch in Reverse. Manufar tana cikin sunan: mutumin da ya shafe fiye da shekara arba'in yana kallon Afirka ta idon kyamara, yau ɗan Afirka zai kalle shi a garinsu, Paris. To, yaya ake haɗa fim irin wannan?

Jarin farko shi ne finafinan daraktan da ake yin fim ɗin a kansa. Daga cikinsu ake yanko gutsattsari, kuma ba a ɗiba kai tsaye. Kowane gutsure da mai haƙƙinsa, kamfani ko magada, sai an nemi izini, sau da yawa sai an biya. Sai dai yankowa ba ta da amfani idan mai yankan bai san yadda aka ɗauki abin ba. Kyamarar da Rouch ya zo da ita Accra 'yar ƙarama ce, Bell & Howell, mai cin zaren fim na milimita 16. Wani ake yi mata kamar agogon tebur. In ka wana ta, ta yi gudun daƙiƙa ashirin da 'yan kai, ta tsaya, sai ka sake wanawa. Shi ya sa hotunansa na lokacin suke gajeru, suna tsalle daga nan zuwa can: yana wani yana sauya wurin tsayuwa. Mai kallo zai ɗauka salo ne aka zaɓa, alhali tilas ce ta haife shi.

Ga kuma babbar matsala, kyamarar ba ta ɗaukar murya. Dubi Jaguar, labarin samari uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, da suka baro Nijar suka yi Kurmi cin rani, har Accra da Kumasi. An ɗauki hotunan babu magana. Sai daga baya aka zaunar da Damouré da Lam gaban majigi, suna kallon kansu suna ba'a, suna musu, suna cika baki, ana naɗar muryarsu. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Saboda haka wanda ya yanko minti ɗaya daga Jaguar ya ce ga aikin Rouch, ya faɗi rabin gaskiya ne. Hoton na Rouch ne, bakin na Damouré.

Jari na biyu hira ce, kuma nan ake yin ta. Wanzami ba ya son jarfa. Darakta ya fi mai tambayarsa sanin inda haske yake, ya san labarin da ke sa a yi dariya, ya kuma ba da shi sau ɗari. In ba ka yi hattara ba, sai ka koma gida ka tarar shi ya ba da umarni, kai kuwa ka riƙe masa kyamara. Dabarar Diawara ita ce bai bar Rouch shi kaɗai a fage ba. Ya sa muryarsa a kan hotunan yana faɗin nasa ra'ayi, kamar yadda Rouch ya saba yi a kan wasu, ya kuma shigo da 'yan Afirka mazauna Faransa suna ba da labarin zamansu.

In daraktan ya riga mu gidan gaskiya, aikin ya koma tono. Haka Samba Gadjigo da Jason Silverman suka yi a fim ɗin Sembène! na 2015, a kan Ousmane Sembène na Senegal, wanda ya rasu a 2007: tsofaffin hirarraki, hotuna, gwangwanayen fim da aka bari a gidansa na Dakar, da bakin waɗanda suka zauna da shi.

Hukunci kuwa a ɗakin tacewa ake yanke shi. A nan mai tacewa yake zaɓar abin da zai biyo bayan wane, kuma jeri shi ne magana. Misali mafi zafi a rayuwar Rouch a Accra ya faru. Les Maîtres fous fim ne na kusan rabin awa a kan 'yan Hauka, wani reshen bori da ya ɓullo a Nijar wajen 1925, akasarinsu Zabarmawa 'yan ci-rani. An gan su a bayan gari, iskoki sun hau su, wannan ya zama gwamna, wancan janar, kumfa na zuba a baki, har aka yanka kare aka ci. Washegari aka nuno su a bakin aikinsu lafiya lau. Da aka fara haska shi a Paris, 'yan Afirkan da ke wurin ransu ya ɓaci, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ce a lalata shi. Turawan Ingila suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi, amma a 1957 ya ci kyauta a Venis. Sembène ya taɓa gaya wa Rouch a gaban idonsa cewa kallon ƙwari yake yi wa 'yan Afirka. Yanzu sa wannan magana bayan hoton kumfa, Rouch ya zama mai tozarta mu. Sa ta kafin hoton Damouré yana dariya, ta koma zargin da aka wanke. Hotunan ba su canza ba.

Ni abin da ke damuna daban ne. Ana jin Paris, ana jin Dakar, su kuwa waɗanda aka ɗauka, da jikokinsu da ke Zango, shiru. Na taɓa nuna wa wani dattijo Bazabarme farkon Les Maîtres fous a waya, muna zaune ana dafa shayi a wata majalisa a Nima. Bai damu da gwamna ko janar ba. Cewa ya yi in tsayar a kan wani ɗan dako, ya matso da wayar kusa da ido, ya daɗe yana duban gammon da ke kansa. Sai ya ce haka mahaifinsa yake naɗa nasa, da tsohon rawani, ya ce in mayar baya ya sake gani.